Wa ke duba injin niƙa a Gaya da Ajingi?

Tsarin mulkin 1999 ya bar wa gwamnatin tarayya kaɗai ikon yin doka a kan ƙwadago da tsaron lafiyar ma'aikata, Dokar Masana'antu ta 1987 kuma ta ɗora aikin dubawa a kan sufetocin ma'aikatar ƙwadago. Wannan tsari ya dace da masana'antun Bompai da Sharaɗa, inda ake da rajista da manaja. A Gaya da Ajingi kuwa, masana'antar ita ce rumfar injin niƙa, inda bel ke gudu ba murfi dab da rigar yaron da aka aiko, da maƙera, da shagon walda, da tsakar gidan da ake suyar ƙuli-ƙuli, jariri na rarrafe gefen kaskon mai. Sufeto daga birni ba zai san da waɗannan wurare ba, balle ya leƙa su. Ƙaramar hukuma ce ta san su, tunda ita ke karɓar kuɗin rumfa.

Ba kuma a ɗaure hannunta yake ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin ya ba ta kula da shaguna, gidajen burodi, gidajen abinci, mahauta da kasuwanni, ya kuma sa ta cikin harkar kiwon lafiya. Ma'aikacin da zai yi wannan aiki ma tana da shi tun zamanin En'e, wato dubagari. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa idonsa daga kwata da masai zuwa hayaƙi, ƙura, jarkar fetur da maganin ƙwarin da ake barbaɗa wa wake a ɗakin kwana. Zamfara ta isa darasi: a 2010 yara sama da 400 suka mutu da gubar dalma, saboda a cikin gidaje ake daka duwatsun zinariya, inda babu sufeton da ke shiga.

Za a ce faɗaɗa aikin dubagari wata hanyar tatsar talaka ce kawai. Tsoron yana da tushe, shi ya sa dole a raba mai dubawa da mai karɓar haraji, a fara da nasiha da wa'adin gyara kafin tara. Za a ce namiji ba ya shiga gidan matan aure. Gaskiya ne, maganinsa ɗaukar mata aikin dubagari, da bi ta hannun masu unguwanni da shugabannin sana'a. Za a ce babu kuɗi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yi hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ko kafin hukuncin ya gama tabbata, rajistar injuna da murfin bel da bokitin yashi ba su kai kuɗin jinyar ƙuna ɗaya ba. Kansilolin Gaya da Ajingi na iya fara wannan da dokar ƙaramar hukuma guda ɗaya.