Jirgin Ruwa A Matsayin Gida: Lissafin Shirya Siraran Jiragen Ingila Da Batun Masai Mai Yin Taki

A ƙasashen Ingila da Wales akwai wata kasuwa wadda ba kasafai labarinta kan iso kunnen 'yan kasuwarmu ba, ko da yake tana ciyar da ɗimbin maƙera, da kafintoci, da masu aikin famfo da na lantarki, har da kamfanonin inshora. Kasuwar kuwa ita ce ta ƙera siraran jiragen ruwa, da shirya cikinsu su zama gidajen zama a bisa kogunan da aka haƙa da hannu. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi ragamar waɗannan hanyoyin ruwa daga hannun British Waterways a cikin watan Yuli na 2012, tana kula da kimanin mil 2,000, kuma jiragen da ke da lasin a ƙarƙashinta sun kai wajen 35,000.

Asalin kogunan ciniki ne. A shekarar 1761 aka buɗe na Bridgewater domin kai kwal daga mahaƙar Worsley zuwa birnin Manchesta, kuma ba a jima ba farashin kwal a birnin ya faɗi da kusan rabi. Doki ɗaya kan ja kayan da ya kai tan 30 a bisa ruwa, abin da ba zai taɓa iyawa a kan tudu ba. Injiniya James Brindley da waɗanda suka bi sahunsa sun gina matakalan ruwa, watau ɗakuna masu ƙofofi gaba da baya inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi daga wani tudu zuwa wani, a kan faɗin ƙafa 7 kacal domin rage kuɗin gini da ɓarnar ruwa. Wannan tsimi na ƙarni na 18 shi ke mulkin kasuwar har gobe: faɗin siririn jirgi ba ya wuce ƙafa 6 da inci 10, tsawonsa kuwa iyakarsa wajen ƙafa 70 zuwa 72. Jirgin ƙasa ya zo ya kwashe cinikin, mota ta ƙarasa shi, sa'an nan matsanancin sanyin 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwan har tsawon makonni, ragowar masu dakon kaya suka rasa abokan ciniki. Abin da ya ceci kogunan shi ne 'yan shaƙatawa, musamman bayan littafin L.T.C. Rolt mai suna Narrow Boat na 1944, da ƙungiyar rajin kare hanyoyin ruwa da aka kafa a 1946. A 'yan shekarun nan kuma tsadar haya a Landan ta ƙara kawo wani rukunin masu saye, waɗanda ba shaƙatawa ta kai su ba, neman makwanci ne.

Mai son mallakar irin wannan jirgi yana da hanya uku. Ko dai ya sayi tsoho, ko ya sayi sabo da aka gama shirya shi, wanda a yau kan haura fam 100,000, ko kuwa ya sayi gangar jiki kawai, da inji da tagogi a jikinta, ya yi sauran aikin da kansa. Hanya ta ukun ita ce ke jan hankalin masu ƙaramin ƙarfi, domin kaso mai yawa na farashin sabon jirgi ladan ma'aikata ne, ba kuɗin ƙarfe ba. Amma fa wanda ya ɗauki wannan hanya ya sani cewa lokacinsa ma kuɗi ne. Aikin da kamfani zai gama cikin 'yan watanni, shi yakan cinye masa shekara biyu ko fiye in a ranakun hutu kaɗai yake yi, kuma duk tsawon wannan lokaci yana biyan lasin da inshora da kuɗin wurin ɗaure jirgi. Akwai kuma tarkon doka. Dokokin jiragen shaƙatawa na 2017 sun ɗauke wa wanda ya gina jirgi don amfanin kansa nauyin samun takardar shaidar inganci, bisa sharaɗin ba zai sayar da shi ba sai bayan shekara 5. Wanda talauci ko rabuwar aure ya tilasta masa sayarwa kafin wa'adin, dole ya nemo masu bincike su ba shi takardar, ya biya.

Ita gangar jikin, yawancin maƙera kan yi ta da ƙarfe mai kaurin milimita 10 a ƙasa, 6 a gefe, 4 a ɗakin sama. Tsawon ƙafa 57 shi ya fi farin jini, saboda wasu matakalan ruwa a arewacin Ingila gajeru ne, jirgin da ya wuce haka ba ya shiga; saboda haka ne ma jirgi mai wannan tsawo ya fi saurin samun mai saye. Idan aka cire wurin inji da wurin tsayuwar matuƙi da goshin jirgi, abin da ke rage wa mai gida bai fi murabba'in mita 25 ba. A cikinsa za a cusa gado, da kicin, da falo, da makewayi.

Aikin yana da tsari, kuma wanda ya saɓa tsarin sai ya ɓare abin da ya riga ya gina. Da farko ana jera bulo ko fale-falen siminti a ƙasan jirgi domin ya zauna daidai a ruwa, ana kuma barin wasu a inda hannu zai kai, tun da yake duk wani kaya mai nauyi da aka ƙara daga baya zai karkatar da shi. Sai a fesa wa bangon ƙarfen kumfar roba mai hana sanyi. Nan ne rowa ta fi cutar da mai ita: ƙarfe mai sanyi in ya haɗu da numfashin mutane da tururin girki sai ya yi ta zufa, ruwan ya gangara bayan katako inda ido ba ya gani, tsatsa da ruɓewa su biyo baya. Bayan haka ne ake jan wayoyi da bututu, kafin kafinta ya rufe bango.

Jirgi ba ya da layin lantarki ko na famfo, saboda haka kowane mai jirgi ƙaramin kamfanin wuta da ruwa ne. Wutarsa daga batura take, waɗanda inji ko fale-falen hasken rana ke cikawa. Da bazara suna wadatarwa, da hunturu kuwa, lokacin da rana kan faɗi tun kafin ƙarfe 4 na yamma, sai a koma ga ƙona man dizal. Tukunyar gas ana ajiye ta a wani akwati na dabam mai kafar da ke fita waje, domin gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo a ciki ƙasan jirgi yake taruwa ya jira ashana. Kowace shekara 4 sai mai bincike ya duba waɗannan abubuwa ya ba da takardar lafiyar jirgi, kuma tun daga Afrilun 2019 wajibi ne a sa na'urar gargaɗi game da gubar hayaƙi. In babu wannan takarda, da inshorar da za ta biya wa wani ɓarnar aƙalla fam miliyan 2, babu lasin.

To, sai batun masai, wanda masu jirage suka fi yin gardama a kansa fiye da inji da fenti. Mai karatu na iya ganin abin ƙarami ne, amma a wurin da babu shadda babu lambatu, kuma an hana zuba ba-haya cikin kogi, zaɓin masai shi ke yanke wa mutum inda zai kwana da ranar da zai tashi.

Tsohuwar hanya ita ce masai mai 'yar tanki da ake zarewa, mai cin lita 17 zuwa 20. Yana da arha, kuma zubarwa a wuraren da hukuma ta tanada kyauta ne ga mai lasin, sai dai mutum biyu kan cika ta cikin kwana biyu ko uku, kuma ɗaukar kilo 20 na najasa a kan hanya mai laka ba aikin tsoho ba ne. Hanya ta biyu ita ce babbar tanki mai cin ɗaruruwan lita, wadda sau da yawa akan ɓoye ta a ƙarƙashin gado, a je wani wuri a zuƙe ta da inji a biya wajen fam 20. Wannan ta fi kama da masan gida, amma tana cin fili, tana karkatar da jirgi in ta cika, kuma ranar da ruwa ya daskare ko aka rufe matakala don gyara, mai ita ya shiga uku.

Masai mai yin taki ya shigo ne domin ya raba mutane da wannan dogaro. Dabararsa mai sauƙi ce. An ƙera mazauninsa yadda fitsari zai bi ta gaba zuwa cikin wata jarka, ba-haya kuma ya faɗa cikin bokiti na dabam, a rufe shi da garin katako ko zaren ɓawon kwakwa. Wata 'yar fanka mai cin wuta kaɗan tana jan iska ta kansa dare da rana, ta fitar waje ta bututu. Hikimar rabawar ita ce, mafi yawan abin da mutum ke fitarwa ruwa ne, wajen lita ɗaya da rabi na fitsari a yini, kuma cakuɗuwar biyun ce ke haddasa mummunan wari. Shi kansa ba-haya kusan kashi 3 cikin 4 nasa ruwa ne, da ya bushe sai ya shanye. Ta haka bokitin mutum biyu kan yi makonni kafin ya cika. Ba a buƙatar ruwan kora, saboda haka tankin ruwan sha ma yakan ƙara daɗewa. Kamfanoni irin su Separett na Suwidin da Nature's Head na Amurka sun yi suna a wannan fanni, farashin kuwa daga 'yan ɗaruruwan fam ne zuwa wajen fam 1,000.

A takarda lissafin yana da daɗi. Alal misali, wanda ke biyan fam 20 duk mako uku don zuƙe tanki yana kashe fam 340 a shekara. In ya sayi masai na fam 900, kafin shekara uku ya mai da kuɗinsa, ya kuma sami filin da tanki ta tare. Sai dai sunan yana yaudara. Masan ba ya yin taki, busarwa kawai yake yi. Kafin abin da ke cikin bokiti ya ruɓe sosai, ƙwayoyin cuta su mutu, ya zama takin da za a zuba wa shuka, ana buƙatar kimanin wata 12. Manomin karkarar Kano, wanda kakanninsa suka daɗe suna jigilar taki a kan jaki daga birni zuwa gona, zai gane matsalar nan take: taki sai da juji, juji kuwa sai da fili. Mai gidan da faɗinsa bai kai ƙafa 7 ba ina zai jera bokitan shekara guda? Wasu suna jera su a kan rufin jirgi ko a goshinsa, suna juyawa bi da bi. Wasu suna da 'yan'uwa masu lambu. Da yawa kuwa sun ɗauki hanya mafi sauƙi, watau su ƙulle cikin leda su jefa a kwandon shara.

Muddin masu yin haka kaɗan ne, ba wanda ya damu. Da suka yawaita, sai hukumar Canal & River Trust ta sanar a 2021 cewa daga ƙarshen Disamban wannan shekara ba ta yarda a zuba irin wannan kaya a kwandunanta ba, kuma ba za a zuba shi a ramukan da aka tanada don masai mai 'yar tanki ba, domin garin katako na toshe bututu; fitsarin kaɗai ake karɓa a can. Masu jirage da dama sun yi ƙorafi, suna cewa hukumar ta sauya magana bayan sun riga sun kashe kuɗinsu, kuma ƙorafin yana da tushe, tun da a baya ba a hana ba. Amma a fuskar tattalin arziki, fam 340 ɗin nan ba ɓacewa ya yi ba. An ɗauke shi ne daga aljihun mai jirgi aka ɗora wa mai kwasar shara da sauran masu biyan lasin. A ganina hukumar ta yi daidai da ta ƙi ɗaukar nauyin, ko da yake ta yi jinkiri wajen faɗa. Giɓin da ya samu kuwa ya buɗe ƙofar wata sana'a: a Landan an sami masu zagayawa suna karɓar bokiti a kan kuɗi, su kai inda za a sarrafa shi. Da zarar an sa wannan kuɗi cikin lissafi, ribar masai mai yin taki ta ragu ƙwarai, abin da ya rage masa shi ne 'yancin tafiya ba tare da neman wurin zuƙa ba. Akwai kuma wani masai mai ƙone ba-haya ya zama toka, amma tsadarsa da gas ɗin da yake ci sun sa ba kowa ke kai masa hannu ba.

Sauran lissafin ma ba ya goyon bayan masu cewa zama a ruwa arha ne ƙwarai. Dokar 1995 ta yarda mutum ya zauna ba tare da wurin ɗaure jirgi na dindindin ba, in dai zai riƙa tafiya, ba ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya. Wannan ya kuɓutar da shi daga kuɗin mashaya da harajin gida na ƙaramar hukuma, shi ya sa matasan Landan suka rungume shi. Amma daga Afrilun 2024 hukumar ta fara ɗora wa irin waɗannan ƙarin kuɗin lasin, wanda zai riƙa hawa shekara-shekara. Dalili kuwa a fili yake: tallafin fam miliyan 52.6 da gwamnati ke ba ta a shekara bai motsa ba duk da hauhawar farashi, kuma a Yulin 2023 aka sanar cewa daga 2027 zai riƙa raguwa. Gadoji da madatsu masu shekara 200 ba sa jiran kasafi.

Ban da wannan, duk shekara 2 ko 3 sai an fitar da jirgi daga ruwa a shafa masa baƙin kwalta domin tsatsa, batura suna mutuwa, inji yana neman gyara. Bankuna ba sa ba da bashin gida a kan jirgi, sai bashi mai gajeren wa'adi da ruwa mai tsada, saboda babu ƙasa a ƙarƙashinsa da za a riƙe jingina. Gida a Ingila yakan ƙara daraja da shekaru. Jirgi kuwa, in aka cire 'yan shekarun da suka biyo bayan annobar korona ta 2020 lokacin da masu saye suka yi yawa, raguwa yake yi kamar mota. Har zaɓin masai yana shiga farashin ranar sayarwa, domin tun bayan hanin 2021 mai saye yakan fara tambayar inda za a kai bokiti kafin ya tambayi shekarun inji.