Raƙuman Ruwa da Arzikinmu da ke Cikin Teku

A matsayina na malamin harshe, na daɗe ina mamakin yadda Bahaushe, wanda ya tashi nesa da teku, ya kira tudun ruwan da iska ke tayarwa raƙumi ko taguwa. Ya hango tozo yana tafe, sai ya ba shi sunan dabbar da ya sani. Sunan ya dace da siffa, amma akwai inda ya gaza. Raƙumi kan bar wuri ya tafi, shi kuwa ruwa kewayawa yake yi kusan a inda yake. Ƙarfin da iska ta zuba masa ne ke wucewa gaba.

George Airy, masanin lissafi ɗan Ingila, ya tsara lissafin wannan motsi tun ƙarni na 19. Girman raƙumin ruwa ya danganta ne da ƙarfin iska, da daɗewar kaɗawarta, da faɗin ruwan da ta ratsa. Idan tsayinsa ya ninka sau biyu, ƙarfinsa kan ninka sau huɗu. Idan kuma tazarar tozo biyu ta yi daidai da tsawon jirgi, tsakiyar jirgin kan hau tozo, gaba da baya su rataye, jim kaɗan ta faɗa kwari. Wannan lanƙwasawa, yau da gobe, tana tsaga ƙarfe.

Masana sun daɗe suna ɗaukar labarin matuƙa na raƙumi mai tsayin katanga a matsayin ƙarin gishiri. Ranar 1 ga Janairun 1995, na'urar awo a dandamalin iskar gas na Draupner, a ruwan Norway, ta auna raƙumi mai tsayin mita 25.6, alhali matsakaicin manyan raƙuman wurin kusan mita 12 ne. Daga nan injiniyoyi suka sake duba lissafinsu.

Mai karatu zai ce ina ruwan ɗan Kano da wannan? Rijiyoyin man Bonga, da suka fara aiki a 2005, suna kimanin kilomita 120 daga gaɓa, cikin ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000, kuma raƙuman da ke dukan jirgin da ke tara man daga kudancin Tekun Atilantika suke tasowa. Kuɗin mai irin wannan ke shiga kason da jihohinmu ke biyan albashi da shi.

Saboda haka ya kamata jami'o'inmu su tura ɗalibai wannan fanni, mu kuma masana harshe mu samar masa da kalmomi. Allah Ya sa mu dace.