Harajin Tsaron Kwamfuta: Dalilin da Ya Sa Rabin Kashi Cikin Ɗari Ya Ƙi Karɓuwa

Abuja. Ran 6 ga watan Mayu na shekarar 2024, Babban Bankin Nijeriya ya aika wa bankunan kasuwanci da sauran cibiyoyin hada-hadar kuɗi wata takarda, inda ya umurce su da su fara cire rabin kashi ɗaya daga cikin ɗari na kuɗin da ake turawa ta na'ura, da sunan harajin tsaron kwamfuta. An ba su mako biyu su shirya. Amma kafin wa'adin ya cika, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ce a dakata, sa'an nan ran 17 ga watan, bankin ya janye takardar tasa. Ko da yake an kashe wutar da wuri, tambayar da ta hura ta tana nan daram: wa zai ɗauki nauyin kāre na'urorin da dukiyar ƙasa take bi ta cikinsu, kuma nawa ya kamata ya biya?

Asalin harajin

Tushen maganar yana cikin Dokar Hana Laifuffukan Intanet, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na 2015, gab da saukarsa daga mulki. Sashe na 44 na dokar ya kafa Asusun Tsaron Intanet na Ƙasa, wanda za a ajiye a Babban Banki, a ƙarƙashin kulawar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. Dokar ta lissafa waɗanda za su zuba kuɗi a asusun: kamfanonin wayar tarho, da masu sayar da hanyar intanet, da bankuna, da kamfanonin inshora, da Kasuwar Hannun Jari.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne wajen adadin. Dokar ta rubuta 0.005 kawai, ba ta fayyace ko kason da za a ɗiba ke nan kai tsaye ba, ko kuwa kashi 0.005 ne daga cikin ɗari. Tsakanin fassarorin nan biyu akwai ninki ɗari cur. Alal misali, idan mutum ya tura Naira 100,000, a fassara ta farko za a cire Naira 500, a ta biyu kuwa Naira 5 tak. A shekarar 2018 Babban Bankin ya bi fassara ta biyu a umurnin da ya ba bankuna. Gyaran da aka yi wa dokar a watan Fabrairu na 2024 shi ya raba gardama, ya ce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ake nufi, ya kuma tanadi tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na cinikin shekara ba ga duk kamfanin da ya ƙi biya.

Bukatar tsaron gaskiya ce

Babu mai musun cewa bukatar tana nan. Tun daga 2011, lokacin da kamfanin NIBSS, mai daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, ya ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take, cinikin Nijeriya ya riƙa ƙaura daga aljihu zuwa waya. Ƙarancin takardun kuɗi da sauya fasalin Naira ya haddasa a farkon 2023 ya ƙara ingiza jama'a, har mai shayi da mai kayan miya suka koma karɓar kuɗi ta asusu. A wannan shekara, kuɗin da suka bi ta tsarin sun kai kimanin Naira tiriliyan 600.

Duk inda zuma take kuwa, ba a rasa ƙuda. Alƙaluman NIBSS sun nuna cewa asarar da aka yi ta hanyar zamba ta haura Naira miliyan dubu 17 a 2023, ta kuma zarce miliyan dubu 52 a 2024. Galibi ba fasa bango ake yi ba. Ɓarawo yakan kira mutum a waya ya ce daga banki yake, ya nemi lambar sirri, ko ya aiko da saƙo mai kama da na gaskiya, ko ya sace layin waya ya karɓe saƙonnin banki. Akwai kuma farmaki mafi girma, wanda ake kai wa cibiyoyi kansu. A watan Fabrairu na 2016, wasu masu kutse sun yi amfani da hanyar saƙonnin banki ta SWIFT, suka kwashe Dala miliyan 81 na Babban Bankin Bangladesh. A watan Mayu na 2017 kuma, manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta tsayar da aiki a asibitoci da dama na Ingila. Tare irin wannan ɓarna na bukatar ƙwararrun masu rubuta manhaja, da na'urori masu tsada, da masu sa ido dare da rana, irin aikin da cibiyar ngCERT take yi a Abuja. Gyaran 2024 ma ya wajabta wa cibiyoyi su kai rahoton duk wani kutse cikin sa'o'i 72, maimakon kwana bakwai na da.

A ilmin tattalin arziki, irin wannan tsaro amfanin kowa da kowa ne, kamar fitilar kan titi. Banki guda zai iya ƙarfafa ƙofarsa, amma idan maƙwabcinsa ya bar tasa a buɗe, ta can ɓarawo zai shigo, tun da na'urorinsu a haɗe suke. Shi ya sa kasuwa ita kaɗai ba takan samar da isasshen tsaro ba, sai hukuma ta sa hannu.

Inda lissafi ya karkace

To, me ya jawo tirjiya? Dalili na farko shi ne wanda nauyin ya faɗa wa. Dokar ta ambaci kamfanoni ne, amma takardar Babban Banki ta ce a cire kuɗin a daidai lokacin da ake turawa, a kuma nuna shi a asusun mai turawar. Majalisar Wakilai ta kama wannan hujja ran 9 ga watan Mayu, ta nemi a janye umurnin. Sai dai ko da kamfanonin aka ɗora wa, da wuya kuɗin su ƙi gangarowa kan mai hulɗa da su, domin ɗan kasuwa yakan sa haraji a cikin farashi muddin mai saye ba shi da wata mafita.

Na biyu, harajin a kan juyin kuɗi yake, ba a kan riba ba, don haka yana maimaita kansa. A ƙaddara hatsin Naira miliyan ɗaya ya taso daga kasuwar Dawanau ta Kano, ya bi hannu huɗu kafin ya iso kasuwar Wuse a Abuja. A kowane hannu za a cire Naira 5,000, jimla Naira 20,000, watau kashi 2 cikin ɗari na kuɗin kayan. Ga dillalin da ribarsa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari ba a kowane ciniki, rabin kashin nan ya cinye rubu'in abin da ya samu.

Na uku, girman abin da za a tara. Rabin kashi cikin ɗari na Naira tiriliyan 600 shi ne tiriliyan 3. Gaskiya ne takardar ta keɓe wasu hada-hada guda 16, kamar biyan albashi, da ba da bashi da biyansa, da tura kuɗi tsakanin asusun mutum guda, don haka abin da za a samu ba zai kai haka ba. Duk da haka, adadin ya ninka asarar zambar 2023 fiye da sau 150. Da a ce tsohuwar fassara aka bi, da Naira miliyan dubu 30 ke nan. Daɗin daɗawa, dokar 2015 ta yarda a karkata har kashi 40 cikin ɗari na asusun ga shirye-shiryen yaƙi da tsattsauran ra'ayi, abin da ya sa wasu suka ga kamar kuɗin sun wuce batun kwamfuta.

Na huɗu, lokacin bai dace ba. An janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, an ƙara kuɗin lantarki ga rukunin farko na masu amfani da shi a watan Afrilu na 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 33.69 cikin ɗari a wannan wata. Ga kuɗin aikawa da banki ke cira, ga harajin Naira 50 a kan kuɗin da suka kai Naira 10,000. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC duk sun ce ba za ta saɓu ba.

Darasi daga maƙwabta

Ƙasar Ghana ta ɗora harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan tura kuɗi ta waya a watan Mayu na 2022. Abin da aka tara ya gaza hasashen gwamnati nesa ba kusa ba, aka rage shi zuwa kashi 1 a farkon 2023, aka kuma soke shi baki ɗaya a 2025. Uganda ma ta sa kashi 1 a 2018, amma cikin 'yan watanni ta mayar da shi rabin kashi, a kan cire kuɗi kaɗai. Dalilin guda ne: takardar kuɗi tana nan, kuma ba a cire mata komai. Da zarar na'ura ta yi tsada, sai a koma ƙunshe kuɗi a lalita, wanda hakan ke warware manufar rage yawon tsabar kuɗi da Babban Bankin ya faro tun 2012.

Saboda haka, duk tsarin da za a ɗauka nan gaba, ma'auni uku ne za su nuna ingancinsa: a fara ƙiyasta abin da aikin tsaron zai ci kafin a yanka adadin haraji, a ɗora shi a inda ba zai riƙa maimaituwa ba, kamar ribar kamfanoni ko kasafin kuɗin shekara, sa'an nan a riƙa bayyana wa Majalisar Tarayya da jama'a yadda aka kashe abin da aka tara. Mai ajiya a banki ba ya ƙin biyan mai gadi, illa dai yana son ya san ladan gadin, ya kuma ga ƙofar a kulle.