Kogon da ke ƙarƙashin kwalta: a gano shi tun da rani

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura ta Ɗambatta, ko ta Katsina ta Bichi da Tsanyawa, ya san yadda gefen titi kan zaizaye kusa da kwalbati idan ruwan Agusta ya kankama. Ba dare ɗaya ɓarnar ke aukuwa ba. Ƙasar yankin jigawa ce. Da zarar kwalbati ya tsage, sai ruwa ya riƙa kwashe yashin ƙarƙashin titi sannu a hankali, har a sami kogo wanda kwalta kaɗai ta lulluɓe. Ranar da tirela maƙare da gero ta nufi kasuwar Dawanau ta taka wurin, sai dai a yi salati.

Ko ƙasashe masu arziki ba su tsira ba. A Janairun 2025, titi ya rufta da babbar mota a garin Yashio na Japan, bayan bututun ƙazanta ya lalace a ƙarƙashinsa, direban kuma ya rasa ransa.

Daga cikin dabarun da injiniyoyi ke gwadawa akwai jirgi maras matuƙi ɗauke da kyamarar auna zafi. Iskar da ke cikin kogo ba ta janye zafi kamar ƙasa mai danƙo da cika. Saboda haka kwaltar da ke samansa takan fi kewayenta zafi da rana, ta kuma riga ta hucewa da dare. Wannan bambanci da ido ba ya gani, shi kyamarar ke nunawa.

Dabarar tana da iyaka. Kogo mai zurfi yakan ɓuya mata, inuwar darbejiya da damshi sukan ruɗe ta. Aikinta nuni ne. Sai an bi da na'urar rada, ko an huda wurin, kafin a tabbatar.

Duk da haka, zafin bazara da bushewar ƙasarmu sun dace da ita. Ya kamata FERMA da hukumar KARMA ta Kano su haɗa kai da injiniyoyin Jami'ar Bayero, su nemi izinin tashin jirgin daga NCAA, a bi kwalbatoci ɗaya bayan ɗaya tsakanin Maris da Mayu. Cike kogo ya fi sake gina titi arha, kuma manomin Makoɗa da hanya ta yanke masa ana tsakar damina ba shi da wata.