GIGINYAR GAYA DA DAZUZZUKAN DUNIYA

Garin Gaya yana kudancin jihar Doso, a bakin kogin Isa, wanda Hausawa ke ce wa Kwara. Daga Gaya, in an ƙetare gada sai Malanbil ta ƙasar Benin. In kuma an yi gabas, ba nisa sai Kamba ta Najeriya. Duk faɗin Nijar babu inda ya kai wannan yanki samun ruwan sama. Yakan kai milimita 800 a shekara. Shi ya sa itatuwa suka fi yawa a nan. Daga cikinsu, wadda ta fi suna ita ce giginya.

Giginya

Giginya doguwa ce, ba ta da reshe. Tsawonta yakan wuce mita 20. In ta manyanta sai ta yi ciki a can sama. Akwai namiji, akwai mace. Macen ce ke yin ƴaƴa.

A kwarin Dallol Mawri da bakin kogi, wajen Bana da Bengu da Yelu da Tunuga, giginya ta rufe fili mai faɗin hekta wajen 30.000. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Wannan shi ne dajin giginya mafi girma a Nijar.

Babu abin yarwa a jikin giginya. Ana shan ƴaƴanta. Ƙwallon kuma, in an binne shi, bayan wasu watanni sai ya ba da muruci. Mata suna dafa murucin, suna saidawa a kasuwa da tasha. Da ganyenta ake saƙa tabarma da kwando da mafici. Da sandar ganyen ake yin kujera da gado da shinge. Manomi yana shuka gero ko dawa ko rogo a ƙarƙashinta, ba ta hana su girma.

Amma abin da ya fi kawo kuɗi shi ne azara. Ana sare giginyar da ta tsufa, a tsaga ta tsaye, a fid da azara. Azara tana da ƙarfi, gara ba ta cinta da sauƙi, tana kuma daɗewa a rufin soro. Ta namiji ta fi ta mace ƙarfi.

Sai dai giginya ba ta gaggawa. Takan yi shekaru tana ƙasa, ganye kaɗai ake gani. A lokacin nan akuya ko wutar daji tana iya kashe ta. Kafin ta isa azara sai ta yi gomman shekaru. Wanda ya shuka ta, sau da yawa ɗansa ko jikansa ne ke sarewa.

Lokacin da giginya ta soma ƙarewa

Hausawa na yi mata kirari: giginya, na nesa ka sha inuwarki. An yi zamanin da kirarin nan ya zama gaskiya a ƙasar Gaya.

Dokar daji ta 1974 ta sa giginya cikin itatuwan da aka hana sarewa ba da izini ba. Hukuma ce ke ba da takardar izinin. Mai kuɗi yakan zo daga birni da takarda, ya sa a sare giginya a gonar talaka, ya loda azara a mota ya tafi. Mai gona ba shi da rabo. In kuwa shi ne ya sare don ya rufe ɗakinsa, sai a ci shi tara.

Ganin haka, manoma da yawa suka daina kula da ƙananan giginya. In sun tsiro a gona sai a nome su tare da haki. Ga fari na 1973 da na 1984. Ga jama'a na ƙaruwa, birane na neman azara. Ga ƙwallo ana tsince shi don muruci, ɗan kaɗan ke saura ya tsiro. Manya suna faɗuwa, ƙanana ba sa tasowa. Daji ya kama hanyar ƙarewa.

Sana'ar itace a duniya

Ba Gaya kaɗai ke cin abinci da itace ba. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, tana ƙidayar dazuzzuka. A ƙidayarta ta 2020, daji ya rufe hekta wajen miliyan dubu 4, wato kashi 31 cikin 100 na tudun duniya. Fiye da rabinsa yana cikin ƙasashe biyar: Rasha, Barazil, Kanada, Amurka da Sin.

Itacen da ake sarewa a duniya ya kasu biyu. Wajen rabinsa wuta ce ke cinye shi, wato itacen girki da gawayi. Ɗaya rabin yana tafiya masana'antu. A can ake yanka shi katako, a yi ƙofa da tebur da benci. Wani kuma a niƙa shi da ruwa, a shimfiɗa, a busar, ya zama takarda. Littafin da ɗan makaranta ke riƙe da shi, da fensirinsa, daga daji suka fito. Mutane wajen miliyan 33 ne ke aiki a wannan sana'a.

Daji yana da wani amfanin ko ba a sare shi ba. Saiwar itace tana riƙe ƙasa, kada ruwa ya kwashe ta. Itatuwa suna tare iska. Ganye yana ruɓewa ya zama taki. Itace kuma yana shanye iskar karbon, wadda yawanta ke ƙara wa duniya zafi.

Duk da haka daji yana raguwa. Daga 1990 zuwa 2020, an share hekta wajen miliyan 420. Babban dalili shi ne neman gona da wurin kiwo. Tsakanin 2010 da 2020, Afirka ce ta fi kowace nahiya hasara: kusan hekta miliyan 4 kowace shekara.

Mene ne ci gaba mai ɗorewa?

A 1713, a ƙasar Jamus, wani jami'in haƙar ma'adinai mai suna Karlowiz ya ga itace na ƙarewa a yankinsu. Sai ya rubuta littafi, ya nuna cewa bai kamata a sare fiye da abin da daji ke iya mayarwa ba. A 1987 wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗaɗa maganar, ta shafi dukan arzikin ƙasa. A 1992 kuma shugabannin duniya suka taru a Riyo ta Barazil a kan wannan batu. Abin da ake nufi shi ne: mutanen yau su biya buƙatarsu ba tare da sun cinye rabon na gobe ba. Wannan shi ne ci gaba mai ɗorewa.

Kowane makiyayi ya san wannan. Mai garke yana shan nono, yana saida tsofaffin bijimai, amma ba ya taɓa shanun haifuwa. Daji ma garke ne.

Ga misalai biyu. A Finlanda, arewacin Turai, daji ya rufe wajen kashi uku cikin huɗu na ƙasar. Tun 1886 suka yi dokar hana ɓarnar daji. Wanda ya sare, dole ya tabbata sabo ya maye gurbi. Suna saida katako da takarda a duniya, amma itacen da ke tsaye a dajinsu ya fi na shekara 50 da suka wuce. A Gabon kuwa, a 2010 aka hana fitar da gungumen itace ɗanye zuwa waje. Sai an yanka shi a cikin ƙasa, don ƴan ƙasa su sami aiki.

Daga nan ana iya fid da ƙa'ida biyu. Ta farko: kada sara ya fi tsiro. Ta biyu: wanda ke zaune kusa da daji ya sami rabonsa.

Yadda aka yi a Gaya

A 1984 aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Daga baya, dokar 1992 ta ba mutanen karkara damar kafa kasuwannin itace nasu na kansu. A cikin shekarun 1990, da taimakon ƙasar Suwis, aka kawo irin wannan tsari dajin giginyar Gaya.

Garuruwa suka kafa kwamitoci. Aka zaɓi masu tsaron daji daga cikin ƴan gari. Ma'aikatan gandun daji da kwamiti su zagaya tare, su ƙidaya, su sa alama a kan giginyar da za a sare. Wadda ta mutu ko ta tsufa ƙwarai ita ake ɗauka. Ana saida azarar a kasuwar gari. Kuɗin kuma a raba shi: kashi na hukuma, kashi na gari, kashi na gyaran daji. Kowace damina jama'a su fita su binne ƙwallo a gonaki da fako.

Da manomi ya ga giginya ta zama dukiyarsa, sai ya soma kewaye ƙananan da ƙaya, yana kauce musu da hauya. A gonaki da yawa ƴan giginya suka sake tasowa a gindin iyayensu. A 2004 aka sa Dallol Mawri cikin jerin wurare masu dausayi da duniya ta yarda a kiyaye. A shekarar ne kuma Nijar ta yi sabuwar dokar daji.

Aiki bai ƙare ba. Har yanzu akwai masu sara da dare. Akwai wutar daji. Muruci yana da kasuwa, kuma duk ƙwallon da ya zama muruci ba zai zama giginya ba. Mai saida muruci tana neman abincin ƴaƴanta na yau. Magini yana neman azarar shekara 50 masu zuwa. Dukansu daga ƙwallo ɗaya suke jira. Garin da ya ci wani ya binne wani, shi ne jikokinsa za su rufe ɗaki da azara.

Tambayoyi

1. Da waɗanne ƙasashe biyu Gaya ke iyaka?
2. Ku faɗi abu biyar da ake samu daga giginya.
3. Me ya sa a da manoma ke nome ƙananan giginya?
4. Waɗanne ƙasashe biyar suka fi yawan daji?
5. Ina kamar daji da garken shanu?
6. Ku bayyana kirarin giginya. Yaya ya dace da labarin nan?

Lissafi

A ce wani gari yana da giginya 3.000, kuma giginya tana isa sara a shekara 60. Guda nawa za a sare kowace shekara ba tare da dajin ya ragu ba? In rabin ƙwallon da aka binne ne ke rayuwa, ƙwallo nawa ya kamata a binne kowace shekara?

Aiki

Ku tambayi tsofaffin garinku itatuwan da suka sani da ƙuruciya, waɗanda yanzu babu su. Ku rubuta sunayensu, ku kawo aji.