Ribar da ta faɗo daga sama: wa ya kamata ya biya lanho?

A ƙasar Kurfai, daga Shikal har zuwa kasuwar Filinge, magidanta ba su manta da shekarar 2005 ba. Fari da fara sun ɓata daminar 2004, gwamnati ta ƙiyasta giɓin cimaka da ton dubu 223. Giɓin bai kai kashi goma cikin ɗari na buƙatar ƙasa ba, amma buhun hatsi mai kilo 100 da aka saya wajen jika goma da kaka ya kusanci jika talatin da bazara ta yi nisa.

Tsadar nan ba daga sama kaɗai ta zo ba. Manomi yakan sayar da kaka domin biyan bashi da lanho. Mai babban jari ya saya ya kulle a sito, ko ya kai Najeriya inda kuɗi ya fi kyau. Bai ƙara noma ko tiya ɗaya ba, ribarsa kuwa ta ninka. Ƙaramin ɗan kasuwa mai awo da ma'aikaci mai jiran albashi, dukansu a hannunsa suke.

A shekarar nan kuma aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari kan madara da fulawa da sukari. Ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka rufe Yamai da Maraɗi da Damagaram a watan Maris, sai da gwamnati ta janye wani sashe a watan Afrilu. Wato an nufi aljihun mai saye, an tsallake sito.

Turai ma ta ga irin wannan. Masanan asusun FMI sun nuna a 2023 cewa ribar kamfanoni ta ɗauki kashi 45 cikin ɗari na hauhawar farashi a ƙasashe masu kuɗin Yuro tun farkon 2022. Ingila ta aza harajin kashi 25 kan ribar kamfanonin man fetur da iskar gas a watan Mayun 2022, ta mai da shi 35 a 2023.

Ribar halak ba abin zargi ba ce. Amma wadda masifa ta haifar, jama'a na da haƙƙi a cikinta. In an karɓi wani kaso aka zuba wa rumbunan OPVN, a sayar da hatsi da rahusa lokacin bazara, mai ɓoyewa zai rasa dalilin ɓoyewa. Sharaɗi guda ne: sai ma'aikatan haraji sun san abin da ke cikin sito, jama'a kuma sun san inda kuɗin ya shiga.