Hawa Firimiya: Abin da ke jiran kulob ɗin Kaduna a ƙarshen kaka

Duk wanda ya shiga gidan kallon ƙwallo a Tirkaniya ranar Asabar zai ji ana musu a kan Arsenal da Chelsea kamar gadon gidansu ake rabawa. Amma tambayi matasan nan yadda kulob ɗin garinsu zai hau gasar Firimiyar Najeriya, sai ka ji shiru. Ba laifinsu ba ne kacokan, domin an jera kakanni da dama ba a ga sunan Kaduna a teburin babbar gasar ba, kuma abin da ido bai gani ba zuciya kan manta da shi.

Alhali garin yana da tarihi. Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Kofunan Afirka a 1988, inda Bizertin ta Tunisiya ta doke ta, sannan ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma a 1989. Daga nan Daniel Amokachi ya tashi zuwa Club Brugge ta Beljiyam. Kaduna United kuwa ta doke Enyimba da bugun fenariti ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 2010, kafin ta faɗi daga Firimiya a 2014.

Tsarin gasar hawa uku ne. A sama akwai Firimiya mai kulob 20, inda huɗun ƙarshe ke faɗuwa a ƙarshen kaka. Ƙarƙashinta akwai gasar NNL, wadda ake raba ta rukuni-rukuni tsakanin Arewa da Kudu domin rage tsadar tafiya. A can ƙasa sai gasar NLO ta ƙananan kulob. Nasara maki 3 ce, canjaras maki 1, kuma idan maki ya zo ɗaya sai a duba tazarar ƙwallaye. Ƙa'idar hawa takan sauya daga kaka zuwa kaka, don haka mai bin gasar ya fara sanin wadda aka sanar tun farkon kakar. A shekarun baya-bayan nan an fi amfani da gasar kulob takwas: waɗanda suka yi fice a rukunansu su haɗu a gari guda, huɗu daga Arewa, huɗu daga Kudu, kowa ya buga wasa uku a rukuninsa, biyun farko na kowane ɓangare su haye.

A nan wahalar take. Kulob zai shafe watanni yana tara maki, sannan a tattara makomarsa a cikin wasa uku da za a buga cikin 'yan kwanaki, a filin da ba nasa ba, babu magoya baya, babu isasshen hutu. Jan kati ɗaya ko rauni a ƙafar mai cin ƙwallo ya isa ya rushe aikin shekara. Ta wannan ƙofa Kano Pillars ta dawo. Kulob ɗin da ya ɗauki gasar sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ya faɗi a 2022, a kakar da aka zaftare masa maki saboda tarzoma a filin wasa. Sai da ya je Asaba a 2023 ya fafata, ya haye tare da Katsina United da Heartland da Sporting Lagos.

Kafin a kai ga wannan mataki ma, wasannin ƙarshe na rukuni su ne mafi zafi. A gasannin Najeriya cin wasa a waje abu ne mai wuya: ga doguwar tafiya a mota, ga filin da bai da kyau, ga 'yan kallon da ke tsaye a kan alƙalin wasa. Shi ya sa masu horarwa ke lissafin cinye duk wasannin gida, su nemi canjaras ɗaya ko biyu a waje. A daidai wannan lokaci ne kuma aljihun kulob ke bushewa, albashi ya makale, kuɗin alawus na wasa ya zama alkawari. Ɗan wasan da ke bin bashin wata uku ba ya sa ƙafarsa inda za ta karye, kuma da wuya a ga laifinsa.

Tazarar ƙwallaye ma ta taɓa jawo abin kunyar da duniya ta yi wa Najeriya dariya a kansa. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa na ƙananan kulob a Bauchi, Plateau United Feeders da Police Machine suna kankankan a maki. A ranar ƙarshe ta farkon ta ci Akurba 79 da nema, ta biyun ta ci Babayaro 67 da nema, kuma kusan duk ƙwallayen bayan hutun rabin lokaci aka zura su. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan taka leda har abada, ta dakatar da kulob huɗun na shekara 10.

Darasin da ya fi kusa da Kaduna shi ne na Kada City. Ta je Aba a watan Janairun 2019 ta samu gurbi tare da Gombe United da Bendel Insurance da Remo Stars, aka yi murna a gari. Sai dai ba ta ƙarasa kakar da sunanta ba. Gurbin ya koma hannun Delta Force ta Asaba, wadda ita ma daga baya ta miƙa shi ga Kwara United. Wato abin da 'yan wasa suka samo da gumi a fili, a teburin ciniki ya bar garin. Ɗan kasuwa zai fahimci wannan da sauri: samun shago a babbar kasuwa daban, iya biyan haya da zuba kaya daban. Firimiya tana buƙatar filin da ya cika sharuɗɗa, da albashi a kan kari, da kuɗin zirga-zirga har Fatakwal da Legas, wasa 19 a waje cikin kaka guda.

Yawancin kulob ɗin Firimiya na gwamnatocin jihohi ne, kuma kasafinsu yana bin ra'ayin wanda ke kan kujera. Masu zaman kansu kuwa sun dogara da aljihun mutum ɗaya ko biyu. Shigar Sadiq Umar, ɗan wasan Super Eagles haifaffen Kaduna, cikin masu mallakar Ranchers Bees ta farfaɗo da fatan tsofaffin magoya bayanta, kuma fata ne mai dalili. To amma a ganina tambayar da ta dace a yi wa kowane kulob na Kaduna da ya doshi hawa ba ta tsaya ga maki nawa ya rage ba. A tambayi shugabanninsa wa zai biya albashin kaka mai zuwa, a wane fili za a karɓi baƙi, kuma ko mutumin Tirkaniya da ke biyan kuɗi ya kalli Arsenal a talabijin zai ƙetare kogi ya sayi tikiti a filin wasa na Ahmadu Bello.